Audugar Ɗanbala Mai Jiran Ƙwari Su Ƙoshi

Ranar da na fita takaba, ranar Ɗanbala ya dawo daga Birnin Kudu da koriyar hula mai baki, ya ce ya gano sirrin noman auduga.

Ɗanbala ƙanin mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijin nawa, Malam, Allah ya jiƙansa, ya rasu a farkon Fabrairu, ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da gonar auduga a bayan garinmu Dingaya. Da aka raba gado, yawancin gonar ya zama na marayu, na samu tumunina, Ɗanbala ya samu ɗan kasonsa. Ba wanda ya so a yayyanka gonar, saboda haka magana ta tsaya a kan wa zai riƙe ta ya noma har yaran su girma. Na ce ni, domin shekara goma sha huɗu ina bin Malam gonar nan. Ɗanbala ya ce shi, domin shi namiji ne, kuma yanzu ya yi karatu.

Karatun na yini ɗaya ne. Wata ƙungiya ce ta tara manoma don bita a kan ƙwarin auduga. Babur ɗinsa ya yi faci a hanya, ya isa bayan azahar, ya tarar ana raba shinkafa da huluna. Magana ɗaya tak ya tsinta a bakin mai jawabi, wai lokacin shuka shi ne rabin maganin ƙwari. Ragowar shi ya ƙarasa wa kansa a kan babur.

Muka zauna a tsakar gidan Baba Yunusa, ƙanin mahaifinsu, wanda shi ne babba a dangi. Ɗanbala ya gyara hula ya fara.

"Baba, ƙwaro ciki gare shi kamar kowa. Kuskuren mutanen garin nan shi ne kowa ya shuka a Yuni, darɓa ta zo ta tarar an shimfiɗa mata tabarma. To ni jira zan yi. Ta ci na Malam Saifullahi, ta ci na kowa, ta ƙoshi, ta yi gyatsa, ta koma inda ta fito. Sai ni in shuka a tsakiyar Agusta, gari ba kowa."

Na ce, "Ashe darɓa baƙuwa ce mai kunya. In ta ƙoshi sai ta wanke hannu ta yi sallama."

"Matar yaya, wannan ilimi ne. Ba a ɗaka ake samunsa ba."

"A ina ake samunsa? A layin shinkafa?"

Baba Yunusa ya ɗaga hannu. Ya ce bana a raba gonar biyu, yamma tawa, gabas ta Ɗanbala, kowa ya noma yadda ya sani. Ranar da auduga ta fashe za a zaga da mutane. Wanda tasa ta fi kyau, shi zai riƙe gonar marayu.

"Baba, ka riga ka ba ni ke nan," in ji Ɗanbala. "Amma ba komai, a bar ta ta motsa jiki."

Ga wanda bai sani ba, darɓa wasu ƙananan ƙwari ne kamar kwarkwata, suna maƙalewa a bayan ganye su yi ta tsotson ruwansa har ya naɗe. Akwai kuma farin ƙuda, shi ma tsotso ne aikinsa. Malam ba ya gaggawar yi musu feshi. Yakan shuka da zarar ruwa ya zauna, tare da maƙwabta, don kafin ƙwarin su yi yawa ganye ya riga ya yi kauri. Yakan kuma zagaye gonar da layin masara da wake, don a nan wasu jajayen ƙwari masu ɗigon baƙi suke fara taruwa. Girmansu bai wuce rabin ƙwayar wake ba, kuma darɓa ce abincinsu. 'Yan sintiri yake kiransu. In ya shiga gona da safe sai ya ce musu sannunku da aiki, in yi masa dariya. Yadda ya yi, haka na yi. Ruwa na zama na shuka, na ja layin masara da wake, ban ƙara komai ba.

Ɗanbala kuwa ya sa tabarma a gindin marken da ke bakin gona, da rediyo a gefe. Duk wanda ya wuce da fartanya sai ya yi masa jaje.

"Malam Saifullahi, sannu da dafa wa darɓa abinci."

Malam Saifullahi, maƙwabcinmu na gona, ya ce, "Yauwa Ɗanbala. Kai kuma sannu da gadin ciyawa."

"Dakta ake cewa yanzu."

"Allah ya ba da haƙuri, Dakta. A wane asibiti?"

Zuwa ƙarshen Yuli ciyawar ɓangarensa ta kai gwiwa. Ya ce ƙasa yake hutarwa. Wani makiyayi ya tsaya ya tambaya cikin ladabi ko mai wurin ya rasu ne, don yana so ya sa shanu. Na ce masa wanda ya rasu tasa ce wannan mai kyan, mai ran ne ya bar tasa haka.

Kowace Asabar Ɗanbala sai ya tsallako ɓangarena ya duba bayan ganye. Ranar da ya fara ganin darɓa, murna kamar an yi masa haihuwa.

"Sun fara ci, matar yaya. Allah ya ba ki haƙuri."

Mako na gaba ya dawo, ya durƙusa ya daɗe yana kallo.

"Cikinsu ya fara tasowa. Saura ƙiris."

"Ka kasa kunne sosai, kada gyatsar ta wuce ka."

Gaskiya darɓa ta zo mini, ban ɓoye ba. Amma 'yan sintiri sun sauko daga masara, ga gizo-gizo ya kafa saƙa tsakanin kunyoyi. Abin bai taɓa fin ƙarfinsu ba.

A tsakiyar Agusta Ɗanbala ya sanar a majalisar mai shayi cewa darɓar Dingaya ta ƙoshi. Ya kwana uku yana fama da ciyawar da ya hutar, ya yi huɗa, ya shuka. Auduga ta fito shar, ganye laushi kamar na latas. A lokacin tamu duk ta yi kauri ta fara fure. Ya riƙa tare mutane a hanya yana jan su su gani.

"Dubi launi. Ku kwatanta da tsofaffin can."

A Satumba ruwa ya ɗauke na kwana goma sha biyu. Duk darɓa da farin ƙudan da suka gaji da tauna ganyenmu mai tauri suka waiwaya, suka ga an buɗe sabon gidan abinci a gabas. Ban san yadda ƙwari ke aika wa juna saƙo ba, amma ina jin har na Basirka sun samu labari. In ka taɓa reshe ɗaya, farin ƙuda ya tashi kamar an kaɗe buhun gari. Ganye ya fara naɗewa. Sannan ya fara ƙyalli, saboda kashin darɓa wani ruwa ne mai danƙo da ɗan zaƙi.

Ɗanbala ya shafa da yatsa, ya lasa. Da yamma sai ga shi a majalisa yana cewa audugarsa zuma take yi.

"Riba biyu. Ga auduga ga zuma. Wannan ko a Birnin Kudu ba su faɗa mana ba, ni na gano."

Malam Saifullahi ya ce, "Dakta, ka san daga ina zumar ke fitowa a jikin ƙwaron?"

"Wannan tambaya ce ta wanda bai je bita ba."

"Na dai ga ba ta baki take fitowa ba. Amma ci gaba da lasa, kai ne likita."

Ba a yi kwana biyar ba zumar ta yi baƙi kamar an shafa wa ganyen kunkunniya, cinnaku suka yi layi suna hawa suna sauka. Daga nan maganar zuma ta mutu, ba wanda ya yi mata jana'iza.

Sai 'yan sintiri suka tsallaka ɓangarensa don kansu, tunda can aiki ya fi yawa. Suka yi ƙwai, 'ya'yansu suka fito. Ɗan ɗan sintiri bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan. Baƙi ne, dogo, da ɗigon ruwan goro, kamar ɗan mitsitsin kada, kuma ya fi manyan cin darɓa. Ɗanbala ya gan su birjik a kan ganye, ya ce ya kama ɓarayin.

Na same shi da tsakar rana yana haɗa magani a famfon feshi. A nan na ajiye wasa, don ɓangaren nasa ma na marayu ne.

"Ɗanbala, kada ka fesa. Waɗannan ne ke cin darɓar. Yayanka ko taka su ba ya yi. Ka ba su kwana goma ka gani."

"Mai wannan fuskar ne zai taimake ni? Dubi bakinsa. Ke dai kin ga zan ci gasa, shi ne kike so in bar su su ƙarasa ni."

"Ai ba sai da taimakonsu ba, kai kaɗai ka isa."

Ya zuba murfi uku inda aka ce ɗaya, wai don su ji a jikinsu. Ya fesa sama-sama yana tafe yana waƙa. 'Yan sintiri da ke yawo a fili suka zube, gizo-gizo ya zube. Darɓa tana can cikin naɗaɗɗen ganye, ko tari ba ta yi ba. Bayan mako guda ta ninka, tunda ba sauran mai taɓa ta.

A makon ne Malam Kamaluddeen, malamin gona da ke zuwa mana daga Gwaram, ya biyo a kan babur. Ya tsaya, ya juya ganye biyu, ya cire tabarau ya goge.

"Wa ya shuka wannan a Agusta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Tsarin bita ne."

"Wace bitar? Ni na yi jawabin nan. Cewa na yi a shuka da wuri, tare da jama'a. Mai shuka a makare shi ke tara ƙwarin gari duka. Kuma na ce a kiyaye jajayen ƙwarin nan. Ina naka?"

Ɗanbala bai ko ƙifta ido ba. "Abin da nake ta faɗa musu ke nan, Malam. Mutanen garin nan ba sa jin magana."

Washegari da hantsi na iske mutum a tsugune cikin wakena, da gwangwanin madara a hannu, yana tsintar 'yan sintiri ɗaya-ɗaya.

"Dakta, ɗaukar ma'aikata ake yi?"

Ya miƙe yana ɓoye gwangwanin a bayansa. "Aro ne. Kuma ai na yayana ne, ina da gado a ciki."

"To ɗauki kasonka. Amma ka gaya musu abin da ya sami na farko."

Ya kai su ɓangarensa ya juye. Suka ɗan zazzaga, suka buɗe fukafukai, suka dawo gida kafin shi ya gama kaɗe wando. Ya sake kamowa, suka sake dawowa. A karo na uku ya ce ya gane matsalar, rashin katanga ne. Ya tafi gida ya kwance sabon gidan sauron matarsa Na'ima, ya kafa shi a kan kunya biyu, ya zuba ƙwarin a ciki ya danne gefe da duwatsu. Abin da bai tuna ba shi ne gidan sauron irin mai magani ne da ake rabawa. Da safe duk suna kwance, ƙafafu a sama.

Malam Saifullahi ya leƙa ya ce, "Ma'aikatan naka barci suke yi a bakin aiki, Dakta."

Na'ima kuwa ta zo wurina da ƙuraje a goshi. "Yaya Zuwaira, kin ga gidan saurona?"

"Yana gona, ana jinya a ciki."

A farkon Nuwamba audugata ta fashe. Ba zan ce ta kai ta zamanin Malam ba, amma fara ce tas, ta kai ƙugu. Ta Ɗanbala ba ta wuce gwiwa ba, baƙa, a murɗe, ƙwallayenta ba su fi goriba ƙanana ba, kuma ko ɗaya bai buɗe ba. Baba Yunusa ya sa ranar Lahadi da hantsi don zagaye. Na ɗauka Ɗanbala zai nemi sulhu. Sai ji na yi ya bi gida-gida yana gayyata, har da Malam Kamaluddeen, ya kuma ɗauko mai hoto da waya.

Ranar Lahadi muka fito. Tun daga nesa na tsaya cak. Ɓangaren gabas fari fat, kunyoyi shida na gaba kamar an shanya likkafani. Jiya da la'asar na wuce wurin, baƙi ƙirin yake. Na tuna yarana, na tuna mutumin nan ne zai riƙe musu gona shekara goma.

Ɗanbala na tsaye a bakin kunya cikin farar babbar riga, da koriyar hularsa a kai.

"Jama'a, ga sakamakon ilimi. Auduga mai fashewa dare ɗaya. Ina roƙo a tsaya daga nan, kada a shiga, iri ne mai kunya."

Mutane suka fara gunaguni. Malam Kamaluddeen ya sake cire tabarau. Baba Yunusa ya dafa sanda yana kallo.

Cikin matan da suka zo akwai Inna Munawwara, tsohuwar da har yanzu take kaɗi da mazari a garinmu. Idonta ya yi rauni, kunnenta ma haka, saboda haka ba ta ji roƙon ba. Ta wuce ta gaban Ɗanbala, ta miƙa hannu ta cizgo wani curi, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Ina guryar?" ta ce.

"Inna, sabon iri ne, ba ya yin gurya. An hutar da ku gurza."

Ta ciro mazari daga ƙugu, ta ja zare, ya tsinke. Ta sake ja, ya sake tsinkewa. Ta kai hanci ta shinshina.

"Wannan audugar rimi ce. Ba ta kaɗuwa. Kuma tana warin man kitso."

Malam Saifullahi ya matsa ya ɗaga wani curi. Ba daga ƙwallo ya fito ba, manne yake a kan ganye, danƙon darɓa ne ya riƙe shi.

"Ikon Allah," ya ce. "Dakta ya shuka auduga a Agusta, rimi ya tsiro a Nuwamba."

"Aure ne aka yi wa irin," in ji Ɗanbala. "Da rimi da auduga. Malam Kamaluddeen ya san da wannan."

"Ban sani ba," in ji Malam Kamaluddeen.

Daidai nan Na'ima ta iso, mayafi a karkace, tana riƙe da rigunan matashi huɗu, duk an farke su. A kafaɗarta ga buhun katifar gadonta, ba komai a ciki. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, ina kwana. Na je ɗebo ruwa da asuba, na dawo na tarar an yanka mini kayan ɗaki. Katifar nan kakata ce ta cusa ta da hannunta."

"Na'ima, koma gida, maganar maza ake yi."

Ta wuce shi ta shiga kunya ta biyu, ta duƙa, ta zaro wani abu mai ƙyalli daga cikin curi.

"Ga ɗan kunnena da nake nema tun sallar bara. Allah ya yi wa gonar nan albarka, har gwal take yi."

Ɗanbala ya yi tsalle ya shiga don ya janye ta. Babbar riga ta share kunya, farin ƙuda ya tashi ya rufe shi. Danƙo ya kama rigar, audugar rimi ta bi danƙo, kafin ya kai tsakiya ya koma kamar kazar da aka fara figa aka fasa. Sannan cinnakun da ya tattake wa layi suka hau wandonsa. Ya tsaya yana son ya ci gaba da jawabi, ƙafa ɗaya na dukan ɗaya.

"Jama'a, abin da ya kamata a fahimta shi ne, a kimiyyance..."

Bai ƙarasa ba. Ya tattare riga ya nufi bayan marke da gudu, hular ta faɗi a kunya ta manne. Mai hoton da ya ɗauko ya bi shi da waya har gindin bishiyar, don an ce masa kada ya bar komai ya wuce.

Baba Yunusa ya jira dariya ta lafa. Ya taka zuwa ɓangarena, ya cire curi ɗaya ya miƙa wa Inna Munawwara. Ta fitar da gurya, ta ja zare, ya biyo mazari sumul.

"Zuwaira," ya ce, "gonar marayu tana hannunki, gabas da yamma. Allah ya taya ki riƙo."

Na ce amin.

Daga bayan marke muryar Ɗanbala ta fito. "Baba, ban yarda an gama ba. Baɗi a Maris zan shuka, kafin darɓa ta farka daga barci."

"A Maris ba ruwa, Ɗanbala."

"Shi ne dabarar. Ba wanda zai yi tsammani."

Baba Yunusa ya ce to, ya gwada a tukunyar fure, in Na'ima ta ba shi aro.

Na'ima ba ta ba shi ba. Abin da ta ba shi buhun katifa ne, ta zauna a kan tabarmarsa da rediyonsa a gindin marke, ta ce ba za ta tashi ba sai ya mayar da kowane curi inda ya samo. Har la'asar yana tsinta, masu wucewa na yi masa barka da girbi.

Ni kuwa da mutane suka watse na zaga ta layin wake. Wani ɗan sintiri na kan ganye yana ta aikinsa, bai san an yi shari'a ba. Na waiwaya na ga ba mai kallona, na duƙa na ce masa sannunku da aiki.